Hayar littafin "wa ya yi kisan?" a Damagaram

A shagon hayar littattafai, na soyayya ne ke biyan kuɗin ɗaki da na wuta. Daga Kano muke saro su da naira, mu bayar da sefa, don haka ba a yanka farashi sai an ji yadda canji ya kwana. Amma akwai wata ƴar kanta da ba ta yin ƙura: labaran kisa a ƙaramin gari, inda ba a nuna jini, sai dai farautar wanda ya aikata. Na Hausa kaɗan ne. Galibi na Faransanci ne, na hannu, ɗaliban Jami'ar André Salifou da malaman lakwal ke ɗauka.

Irin wannan littafi sau ɗaya mutum ke karanta shi, kuma jarinsa duka yana cikin shafi goma na ƙarshe. Kafin ya fita, sai a huda gindinsa wuri uku da basilla, a ɗinke da zare mai ƙarfi, a sa masa rigar leda. Gam kaɗai ba ya riƙewa: iskar hunturu na busar da shi, kuma takardun baya ne ke fara zubewa. A ɗora kanta a kan bulo, a janye ta daga jikin bango saboda gara.

Haya dala ashirin ce, wato sefa ɗari, kwana biyu, jingina jika guda, wato sefa dubu, ga wanda ba a sani ba. A rubuta suna, unguwa da ranar dawowa a kaye. In ya dawo, ba lambar shafi kawai ake dubawa ba, har cikin bangon gaba, don akwai mai mugun hannun da zai ɗauki bik ya rubuta sunan wanda ya yi kisan. Littafin ya mutu ke nan, sai dai a ba mai ƙosai.

Ra'ayin masu karatu shi ke gaya mana abin da za mu sake sarowa. In aka ce, "Malam, tun a tsakiya na gano shi," to kada ka ƙara saro irinsa. Abin da suke yabo shi ne gawa ta bayyana da wuri, waɗanda ake zargi kada su wuce biyar ko shida, kowa da abin da yake ɓoyewa, mai binciken kuma ba ɗan sanda ba, mace irin dillaliya ko ungozoma wadda ba a hana ta shiga kowane gida. Mutumin Birni ko Zango ya san unguwar da kowa ya san kakan kowa, nan da nan yake kama marubucin da bai san ta ba. Abin da ba sa yafewa kuwa, a jawo baƙo daga sama a babin ƙarshe a ce shi ne, ko mafarki ya warware zancen.

Wanda ya dawo da littafi kuma, a ja shi gefe kafin ya buɗe baki ya tona wanda ya yi kisan, musamman ranar Alhamis da Kasuwar Dole ke ci, shago cike da jama'a.