Yashin da aka hana tafiya

A kwas ɗin kula da gaɓar teku da na yi, akwai zangon da ake rufe littafi a fita fili. Namu filin shi ne gandun Zuid-Kennemerland na ƙasar Holan, yamma da birnin Harlem, tsakanin garuruwan Zandvoort da IJmuiden, a bakin Tekun Arewa. A 1995 aka ayyana shi gandun ƙasa, faɗinsa wajen hekta 3,800, akasarinsa jigayi ne da kwaruruka da 'yan tafkuna, sai daji daga can ciki. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ƙasar Holan yana ƙasa da matakin teku, don haka tuddan nan su ne ganuwar da ta shiga tsakanin ruwa da gidajen mutane. Tun ambaliyar 1953, wadda ta ci rayuka 1,836 a kudu maso yammacin ƙasar, ba a wasa da maganar tsaron gaɓa.

Aikin da aka ba mu ba shi da wani armashi. Turaku muke kafawa a jere, daga inda ruwa ke tsayawa har bayan tudun farko, wato tudun yashin da ya fi kusa da teku, mu auna tsayin abin da ya rage a waje, mu rubuta, in an kwana biyu mu dawo mu sake aunawa. Turken da ya gajarce, yashi ya hau kansa. Wanda ya ƙara tsawo, iska ta kwashe na gindinsa. Shi ke nan.

Malamarmu ta sa mu kwanta rubda ciki a kan busasshen yashi ran da iska ta tashi, fuska dab da ƙasa, muna kare ido da hannu. Daga tsaye ba ka ganin komai sai wani hazo-hazo yana bin ƙasa. Daga kwance kuwa sai ka ga yashin tsalle yake yi. Ƙwaya ta tashi, ta yi 'yar tafiya, ta faɗo ta buge wasu, su ma su tashi. Yawancinsu ba sa wuce tsayin idon sawu. Sai iska ta kai gudun mita 5 zuwa 6 a daƙiƙa kafin busasshen yashi ya fara wannan rawa, jiƙaƙƙe kuwa sai ta fi haka. Duk abin da ya rage wa iska ƙarfi a wannan 'yar tazara ta kusa da ƙasa, ko da guntun itace ne ko tsumman ciyawar teku da ruwa ya yar, yashi zai taru a bayansa. Tudu mai tsayin mita 20 daga irin wannan tarin ya faro.

Akwai wata ciyawa da mutanen ƙasar ke kira helm, ita ce ke riƙe tudun farko. Ganyenta a naɗe yake, mai tsini, yana sukar ƙafa ta cikin wando. Mun haƙa gefen wani kututturenta da hannu, muka yi ta bin jijiya ƙasa har kafaɗa ba mu kai ƙarshenta ba, kuma a kowane taki sai ka tarar da gaɓar da ta taɓa zama saman ƙasa, ta fitar da sababbin saiwoyi bayan yashi ya rufe ta. Binnewa ce abincinta. Tana jure yashi ya hau kanta har kusan mita guda a shekara, ta ɓullo ta sama tana sheƙi. Inda yashi ya daina zuwa kuwa, sai ta yi rawaya, ta yi tsilli-tsilli, wasu tsirrai su ƙwace mata wuri. Mun gani da ido: ta gefen teku kore shar, ta bayan tudun kamar mai jinya.

Ciyawar da ta jure gishiri da iska da binnewa, tafin ƙafa ne ba ta jurewa. Mutane kaɗan su bi ta wuri ɗaya, sun karya ta, sun buɗe 'yar hanya. Iska ta samu ƙofa, ta yi ta yashe wurin har ya zama rami mai faɗi. Dalilin waya da shingen da ke bin gindin tudun farko ke nan, da allunan da ke hana hawa, da 'yan mashigai ƙidayayyu da aka ware don sauka bakin ruwa. Na ga masu ziyara da yawa suna tsaki a gaban wayar, musamman masu son hoto daga ƙololuwa. Ban ga laifin sha'awarsu ba, wurin yana da kyau. Sai dai kowannensu yana lissafin ƙafarsa ɗaya ne, mai gadi kuwa yana lissafin na duk waɗanda za su biyo sawunsa kafin rani ya fita.

Zuwa nan komai ya yi daidai da abin da hankali ke ba mutum: yashi mai tafiya haɗari ne, a ɗaure shi. Sai aka kai mu arewa maso yammacin gandun.

A can, cikin hunturun 2012 zuwa 2013, hukumomin da ke kula da wurin sun kawo motocin haƙa suka sare tudun farko a wuri biyar. Manyan giɓi ne, kowanne ya isa a shige da garke. Ka tsaya a bakin ɗaya iska ta nemi ta ture ka, yashi yana tsartuwa a ƙwauri, a bayansa kuma ga farin yashi ya malala cikin gandun ya danne ciyayi da ƙananan bishiyoyi. Abin da aka hana ɗan yawon buɗe ido yi da ƙafa, ga shi an yi da katafila, kuma da kuɗin hukuma. Wani ɗan ajinmu ya kasa haƙuri ya tambayi jami'in da ke zagayawa da mu ko wannan ba rainin hankali ba ne. Jami'in ya yi dariya, ya ce tambayar da kowa ke yi ke nan.

Bayanin ya ɗauke mu sauran yinin. Shekara da shekaru mutanen ƙasar suna dasa helm, suna kafa shinge, suna shuka itatuwa, duk inda yashi ya motsa a bi shi a rufe. Sun yi nasara fiye da kima. Tudun farko ya zama doguwar katanga madaidaiciya, ba ƙwayar da ke tsallake ta. Sabon yashin bakin teku yana ɗauke da garin bawon katantanwa, wato sinadarin kalsiyam, kuma shi ne ke sabunta ƙasar da ke ciki. Da aka tare shi, ruwan sama ya yi ta wanke wanda ke cikin tsohon yashi, ƙasa ta yi tsami. Ga kuma naitirojin da ke saukowa daga iska, daga gonakin dabbobi da hayaƙin motoci da masana'antu, yana yi wa ƙasar taki ba tare da an nema ba. Zomaye, waɗanda da su ne ke aske ciyawa suna tone ƙasa, annoba ta yi musu kaca-kaca a shekarun 1950, wata kuma ta sake bi ta kansu a shekarun 1990. Dogayen ciyayi da ƙayoyi suka rufe ko'ina. Ƙananan furanni da ƙwari da ƙadangarun yashi da tsuntsayen da ke son fili a buɗe suka yi ta ja da baya. Gandun ya yi kore, wanda bai sani ba sai ya yaba, alhali tsufa yake yi.

Shi ya sa ake sakin shanu da dawaki su yi kiwo a ciki, har da ɓaunar Turai da aka kawo daga Folan a 2007 aka saka a yankin Kraansvlak. Giɓin nan biyar kuwa an buɗe su ne don iska ta koma bakin aikinta.

To me ya raba katafila da ƙafa? Amsar da na gamsu da ita ita ce awo. An zaɓi wurin da jigayin suka yi faɗin kilomitoci, babu gari a bayansu kai tsaye. An lissafa zurfin da za a tsaya don kada ruwa ya shigo ko da teku ta yi tunzuri. Hukumar da ke da alhakin tsaron gaɓa ta duba ta amince, kuma tun daga lokacin ake bin yashin ana auna inda ya kai. Ramin da ƙafa ta buɗe yana fitowa ne inda mutane suka fi yawa, kusa da wurin ajiye motoci da gidaje, inda tudun ya fi siranta, kuma ba mai bibiyarsa. Rami iri ɗaya ne a ido, amma ɗaya an san iyakarsa.

Abin da ke ƙarƙashin ƙafa ma ya ba ni mamaki. Ruwan sama da ke nutsewa cikin jigayi ba ya gauraya da na teku nan take. Ya fi shi sauƙin nauyi, sai ya zauna a kansa, kuma duk mita ɗaya da ya ɗaga sama da matakin teku, akwai kusan mita 40 nasa a ƙasa. Tun 1853 birnin Amstadam ke shan ruwan jigayin da ke kudu da Zandvoort. Da aka yi ta ja fiye da abin da sama ke zubarwa, kwaruruka suka bushe, ruwan zartsi ya fara tasowa. Daga 1957 aka koma janyo ruwan kogin Rain ana malala shi cikin yashin, ya tace kansa kafin a sake ɗebowa. A gandun da muka yi aiki an dakatar da jan ruwan ƙasa a babban ɓangarensa, kwaruruka suka sake jiƙa, har takalmanmu suka sha ruwa a wuraren da tsohuwar taswira ta nuna busassu.

Bakin tekun kansa ba ya buƙatar dogon bayani, sai abu uku. Layin tarkacen ciyawar teku da bawo da igiyar ruwa ke bari, wanda masu son shimfiɗa tawul ke kira ƙazanta, shi ne gadon jariran tuddai, kuma inda ake share shi da inji ba su fitowa. Na biyu, faɗin rairayin ba duka ikon teku ba ne. A 1990 gwamnati ta yanke cewa gaɓar ƙasar ba za ta ƙara ja da baya daga inda take ba, don haka jiragen ruwa ke yaso yashi daga can cikin teku suna zubawa. Ɗaya daga cikin manya shi ne na 2011 a kudu da birnin Heg, mita kubik miliyan 21.5 a wuri guda, aka bar wa iska da igiya su rarraba. Wanda ya je iyo kuma ya kula da tutocin masu ceto. Tsakanin dandamalin yashin da ke cikin ruwa akwai magudanai da ke jan mutum zuwa ciki, kuma sau da yawa nan ne ruwan ya fi kama da mai lafiya, don igiya ba ta fashewa a wurin.

Da muka zo haɗa rahoto, alƙalumanmu sun ƙi ba da labari ɗaya. Turke guda ya nuna ƙari a wannan awo, ragi a na gaba, guguwar dare ɗaya kuma ta motsa abin da makonni ba su motsa ba. Wasu turakun ma sun ɓace ƙurmus. Malamar ba ta damu ba. Ta fito da awon ɗaliban shekarun baya ta jera da namu, sai ga alkibla ta bayyana, yashi yana shiga ciki a hankali. Abin da ta fi tsananta mana a kai shi ne rubuta wurin kowane turke da ranar awo da yanayin iska dalla-dalla, yadda wanda bai taɓa ganinmu ba zai iya ɗorawa. Maki mafi yawa a nan yake.

Ba kowa ne ya yi murna da sakin yashin ba. A hanyarmu ta komawa mun tarar ya haye wani sashe na hanyar kekuna, masu keke suna sauka suna turawa, wani dattijo yana ta faɗa shi kaɗai. Yana da hujjarsa, hanyar an yi ta ne don a hau. Masu kula da gandun za su ci gaba da kwashe yashin daga kanta, ko kuma wata rana su ɗauke hanyar su kai ta wani wuri, kuma ni a ganina na biyun ya fi araha.