Abin da na koya a aikin sayo ƙananan jiragen horo na soja

Da aka sa ni cikin kwamitin sayo ƙananan jirage don horar da matuƙa, abin da muka fara rubutawa shi ne yawan awannin tashi da ake buƙata a shekara, domin shi ke nuna yawan jiragen. In ana son shida a shirye kowace safiya, takwas ko tara za a saya, tunda kullum akwai wanda ke rumfa ana duba shi.

Sai batun mai, kuma a nan nake so kowane kwamiti ya daɗe. Super Mushshak na Pakistan, wanda Najeriya ta ƙulla cinikin guda 10 a 2016, injin Lycoming ne a cikinsa, mai silinda shida da ƙarfin doki 260, kuma fetur na musamman yake sha, Avgas 100LL. Ba kowane filin jirgi ke da shi ba. Diamond DA40 NG da Cessna Caravan kuwa Jet A-1 suke sha, kananzir ɗin manyan jirage. Rundunar da ta haɗa iri biyu sai ta tanadi tanki biyu da motar ba da mai biyu, kowacce da alamarta. Kananzir in ya shiga injin Avgas, jirgin yakan tashi lafiya, sannan injin ya mutu a sama.

Alƙaluman da ke takardar talla na yanayi mai sanyi ne a bakin teku. Fili mai tudun ƙafa 2,000, ranar da zafi ya kai digiri 38, jirgi yana jin sa kamar ƙafa 5,000 da ɗoriya: ƙarfin inji ya ragu, gudun da zai yi a ƙasa kafin ya ɗaga ya ƙaru. Shi ya sa muka dage a gwada shi da rana tsaka a bazara, da mutum biyu da cikakken tanki.

Kuskurenmu a kayan gyara ya fito. Mun bi jerin da aka ba mu ba tare da mun auna shi da irin aikinmu ba. Ɗalibi yakan sauka ya tashi sau da yawa cikin awa ɗaya, don haka taya da birki suka riga komai ƙarewa, ƙurar hunturu kuma ta cinye filtar iska. Tiyo da robobi da muka jibge kuwa wa'adinsu ya cika suna kan kanta. Yanzu da awanni nake lissafi: juyen baƙin mai duk awa 50, babban dubawa duk awa 100, duba magineto (na'urar da ke ba fulogi wuta) a awa 500, garambawul ɗin inji wajen awa 2,000. Fulogi 12 ne a kowane inji mai silinda shida irin na Super Mushshak. In jiragen sun iso tare, injinansu ma tare za su cika awanni, saboda haka a sayi injin ajiya tun farko, a kuma bambanta yawan awannin da kowane jirgi ke tashi.

Makanikai su tafi horo kafin jirage su iso, jak da sifanar awon ɗauri da littattafan gyara su riga su zuwa. Takardar shaidar wanda zai yi amfani da kayan da izinin fitarwa daga ƙasar da aka ƙera inji a fara nemansu da wuri, kada jinkirinsu ya sa jirage su zauna, don jirgin da ya yi wata guda a ajiye ba a shirya injinsa don ajiya ba, tsatsa ta fara kama silindarsa. Kason ƙarshe na kuɗi kuwa ban yarda a biya ba sai matuƙinmu ya tashi da kowane jirgi a filinmu, injiniyanmu ya gwada lambar kowane inji da farfela da abin da ke cikin littafinsu.