Yadda na auna ƙarfin kamfanin Kawu wajen biyan bashin kusa

Ni nake riƙe wa kawuna littafin lissafi a Agege. Kamfaninsa yana sayo wake da gero da masara daga kasuwar Dawanau a Kano, tirela ta sauke mana a Legas, mu raba wa 'yan sari na kasuwar Mile 12 da masu gidajen abinci. Da muka nemi ƙarin rance a banki, abin da jami'in ya fara dubawa shi ne ko dukiyarmu da za ta iya komawa kuɗi cikin wata 12 za ta rufe bashin da za mu biya a cikin wannan lokacin.

Lissafin ba shi da wuya. Ka tara kuɗin hannu da na asusun banki, da bashin da kake bin mutane, da kayan da ke sito. Ginin siton da motar kamfani ba sa shiga, don ba sayar da su za ka yi gobe ba. Sai ka tara abin da ake binka: kuɗin dillalai, kuɗin mota, haya, albashin yara, da kason rancen da ya faɗo a bana. Ka raba na farko da na biyu. Namu ya ba da naira miliyan 60 a kan miliyan 30, wato 2. Duk naira ɗaya da ake binmu, muna da biyu. Wanda nasa bai kai 1 ba, bashinsa ya fi ƙarfin abin da ke hannunsa.

Kawu ya ce, "Alhamdulillahi, ɗana, ashe lafiya lau muke." Na ce, "Kawu, a yi haƙuri mu leƙa cikin miliyan 60 ɗin tukuna."

Miliyan 36 kaya ne jibge a sito, kuma akwai waken da ya kwana biyu. Na zura hannu a wani buhu, na fito da ƙwayoyi duk huji, gari na bin yatsuna, ƙwari na yawo a tafin hannuna. A littafi yana nan da farashin da muka sayo shi, alhali babu ɗan sarin da zai biya haka. Miliyan 18 bashi ne a hannun mutane, wasu tun kafin babbar Sallah kullum sai "gobe in sha Allahu". Tsabar kuɗi miliyan 6 ne kacal. Da na cire kayan sito na sake rabawa, sai ya sauko 0.8.

Shi kuwa direban tirela ba ya jiran gobe. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 komai na sufuri ya hau, kuma ana gama sauke kaya zai miƙo hannu. Wanda ya ga ƙarancin takardun naira a farkon shekarar 2023 ya san yadda mutum zai zauna kan buhu ɗari ya rasa na biyan 'yan dako.

Yanzu duk ƙarshen wata nake fitar da lissafin biyu tare, in rubuta ranar biyan kowane bashi a gefensa. Da kaka sito kan cika, lambar ta kumbura, ba na barin ta ruɗe mu. Tsohon waken kuwa Kawu ya yarda muka karya farashinsa, muka biya dillalan Dawanau kafin mu ɗora wata tirelar.