Laraba, kwamfutar Hafsatu ta iso

Da hantsi Yaya Sani ya sauka daga motar Kano, ƙura har gashin ido. Jiya a Farm Centre, kasuwar wayoyi da kwamfutoci, ya yini, shago-shago, da kuɗin riɗin gidanmu a aljihu. Abin da kuɗin suka iya ɗauka shi ne kwamfutar tafi-da-gidanka Dell Inspiron 15R, ta hannu, irin wadda suke ce wa tokumbo. Samfurin 2011 ce. Injinta Core i3, RAM (ma'adanar da take aiki da ita in tana kunne) 4GB, allo inci 15.6, har da wurin saka faifan DVD wanda yanzu ba kowa ke nemansa ba. Tana da nauyi, ta haura kilo 2 sosai. Amma ta kunnu lafiya, madannanta duk suna aiki, kuma batirinta irin wanda ake zarewa ne ta ƙasa, in ya mutu a sayi wani a maƙala, ba sai an kai wa mai gyara ba.

Abin da ya tara yara a tsakar gida kuwa murfinta ne. Akwai wani ɗan maɓalli a baya, sai ka danna ka zame murfin ya fita gaba ɗaya, ka saka wani. Haka kamfanin ya ƙera wannan samfurin, suna kiransa Switch. Wanda ta zo da shi baƙi ne, duk ya karce, ga tabon gam na wata sitika da aka ɓanɓare, ga wata lamba da aka rubuta da farin fenti a gefe, da alama daga wani ofis ta fito. Mai shagon yana da wani murfin shuɗi mai sheƙi da ya cire daga wata da ta lalace. Yaya Sani ya kira ƙanwata Hafsatu ta WhatsApp ya nuna mata, ta ce don Allah a haɗa da shi. Ya ƙara ɗan abin da ya ƙara.

Da la'asar muka kai wa Baffa ya sa albarka. Ya juya ta, ya tambayi kuɗi, Yaya Sani ya faɗa har da na murfin. Nan fa ya ɓata rai.

“Yanzu murfin ne zai yi mata karatun? Ba girin-girin ba, ta yi mai. Kuɗin riɗi ne fa, Sani, ba tsintarsu aka yi ba.”

Hafsatu ta sunkuyar da kai. Na ce, “Baffa, a yi haƙuri, yarinya ce, abin ya ba ta sha'awa ne.” Ya ce sha'awar ce ke kai mutane ga bashi. Ya dai yi addu'a, doguwa ma, ya tofa, muka taso.

Ni ba na cewa Baffa ba shi da hujja. Shi ya san zafin ranar da aka sha kafin riɗin nan ya shiga buhu. Amma tun da muka dawo zuciyata ke tafasa, domin akwai abin da bai gani ba. Hafsatu tunda aka haife ta kwance take sawa. Yunifom ɗina ta gada, da takalmina, da jakar makaranta, hatta littattafan da ta yi shirin JAMB da su sunan 'yar gidan Kawu ne a bangonsu. Ba ta taɓa buɗe baki ta yi ƙorafi ba. Yanzu za ta Jami'ar Tarayya ta Dutse, za ta zauna aji ɗaya da 'ya'yan masu hali da ke riƙe da sababbin kwamfutoci sirara. Ita ma ta san tata tsohuwa ce. Abin da ta roƙa kawai kada ta buɗe ta a gaban mutane da lambar wani ofis a bayanta. Na ga hannunta lokacin da take zame baƙin murfin, har rawa yake, da shuɗin ya zauna ya yi ƙas sai ta goge shi da bakin hijabinta. Wannan ne karo na farko da na ga an tambaye ta wanne take so, kuma aka kawo mata wanda ta ce.

Malam Auwalu na shagon buga takardu ya leƙo bayan magariba, shi ne ya ƙara jefa ni cikin tunani. Ya ce Microsoft ta daina kula da Windows 10, manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, tun 14 ga Oktoba 2025, kuma Windows 11 ba ta karɓar injin da ya tsufa haka. Don rubutu da Word da Excel da karanta PDF, ya ce ba ta da matsala ko kaɗan. Shawararsa a saka mata SSD, wato ma'ajiya mai sauri, a madadin tsohon faifan ajiyar, a ƙara RAM zuwa 8GB tunda gurbi biyu gare ta, za ta daina jan ƙafa wajen tashi. Ya kuma ja kunne kan ɗora ta a katifa ko bargo, yana toshe hanyar iska, ga ƙurar hunturu.

Wuta dai babu, a sola ta mai cajin waya muka cika ta.

 

Ran Asabar su Hafsatu za su tafi Dutse. Na yanke shawara kuɗin adashena na wannan watan SSD zai tafi, Yaya Sani ya saya in ya sake shiga Kano. Gobe da safe kuma zan koma gaida Baffa ni kaɗai, in faɗa masa maganar kwancen nan a hankali, don ba na so yarinyar ta bar gida da waccan kalmar a kunnenta.