Abin da muhawarar mataimakan shugaban ƙasa ta koya mini a ɗakin labarai

Babu daren da ya fi gajiyar da ɗan jarida kamar daren muhawarar 'yan siyasa, domin tun ba a kashe makirufo ba ake jira ka faɗi wanda ya yi nasara. Ina sashen Hausa na wani gidan rediyo a nan Abuja lokacin da aka yi ta masu neman kujerar mataimakin shugaban ƙasa, ranar 14 ga Disamba, 2018, a otal ɗin Transcorp Hilton. Aikina in saurara, in tace, in rubuta abin da za a karanta a labaran safe.

Mutum biyar ne suka tsaya a gaban jama'a: Yemi Osinbajo na APC, Peter Obi na PDP, Umma Getso ta YPP, Khadijah Abdullahi-Iya ta ANN, sai Ganiyu Galadima na ACPN. Amma wanda ya bi kanun labarai washegari zai rantse mutum biyu ne kawai suka je. Ko mu da muke yi wa Arewa magana, kaɗan daga cikinmu ne suka tsaya kan abin da matan nan biyu suka faɗa.

Abin da ya cika gari shi ne maganar shago. Obi ya ce yaƙi da cin hanci ba shi ne tsarin tattalin arziki ba, mutum ba ya rufe shagonsa ya tafi bin ɓarayi. Osinbajo ya mayar masa da cewa in ka bar ɓarayi suka kwashe kayan, ai babu sauran shago. Magana ce mai daɗin ji, kowane ɓangare ya yanko rabin da ya yi masa, ya baza a Twitter da Facebook. Kafin tsakar dare 'yan PDP sun ba Obi nasara saboda yadda yake zubo alƙaluma da ka, 'yan APC sun ba Farfesa Osinbajo saboda iya mayar da martani.

A nan ne editanmu, wani dattijo da ya daɗe a aikin, ya tsayar da ni. Ya ce, "Ƙanena, bar musu wa ya ci. Direban da zai kunna mu da asuba a tashar Jabi, kuɗin mai ne damuwarsa. Me suka ce a kai?" Na ce, "Ranka ya daɗe, sun yi magana kan tallafi." Ya ce to daga nan zan fara.

Kuma a nan ainihin labarin yake. A lokacin ana sayar da litar fetur naira 145. Obi yana ganin tallafin ɓarnar kuɗi ce, Osinbajo kuwa ya ce in aka cire shi farashi zai tashi ya danne talaka. Cikin hujjojinsa Obi ya ce motocin Najeriya miliyan 2 ne, alhali alƙaluman hukumar ƙididdiga ta ƙasa, NBS, sun haura miliyan 11. Masu bin diddigi sun fito da wannan, sun kuma taɓo wasu maganganun Osinbajo, amma sai bayan an gama rabon nasara. Gyara ba ya gudu kamar yadda yabo yake gudu. Shi ya sa tun daga ranar, duk alƙalamin da ɗan takara ya faɗa, sai in rubuta shi gefe guda, ba ya shiga labarina a matsayin gaskiya sai na duba. Saurin baki ba hujja ba ne, kuma mu 'yan jarida mun fi kowa saurin ruɗuwa da shi, tun da sana'armu ce magana.

Wani abin kuma shi ne masu sharhi. Da yawa daga cikin waɗanda muke kira "mai fashin baƙi kan al'amuran yau da kullum" suna da katin jam'iyya a aljihu. Ba laifi ba ne, amma haƙƙin mai sauraro ne a gaya masa. Yanzu kafin in buɗe wa baƙo makirufo sai na tambaye shi inda ya jingina, in kuma faɗa a iska.

Kada a ce ciwon namu ne kaɗai. A Amurka, bayan muhawarar masu neman kujerar mataimakin shugaban ƙasa, Mike Pence da Kamala Harris, a 2020, ƙudan da ya sauka a kan Pence ya kusa danne duk abin da aka tattauna. A 1988 kuwa kafafen labarai sun yi ittifaƙin cewa Lloyd Bentsen ya kunyata Dan Quayle a irin wannan muhawarar, amma Quayle ne ya shiga ofis a matsayin mataimakin Shugaba Bush.

Namu ma hayaniyar ba ta yi nisa ba. Ranar 19 ga Janairu, 2019, da aka zo ta masu neman shugabancin ƙasa, Buhari bai halarta ba, Atiku ya iso wurin ya ƙi hawa dandamali tun da abokin karawarsa ba ya nan. Su biyun ne kuma suka kwashe kusan dukkan ƙuri'un da aka kaɗa ranar 23 ga Fabrairu.