Yadda magatakardan Afisa ya kunyata ni a ajin Laraba

Takarda 40 na buga, gaba da baya, da kuɗin aljihuna. Guda 11 da suka rage suna nan cikin jakata har yau. Ban yar da su ba, amma ba na son kallonsu.

Makonni biyu kafin Ista aka ba ni ajin nazarin Littafi Mai Tsarki na yammacin Laraba, aka ce in yi bayani a kan mutanen da suka kama Yesu suka yi masa shari'a. Ni ba fasto ba ne, malamin firamare ne. Sai dai na yi 'yan watanni ina koyon haruffan Helenanci, ga kuma wata manhaja a wayata wadda in ka taɓa kalma za ta nuna maka asalinta da duk wuraren da ta fito. Sai na fara jin kaina. Na zana jadawali, kalma a hagu, ma'ana a dama. A gaban grammateus na rubuta: "Malamin Attaura, ɗan ƙungiyar da ke gaba da Yesu. Duk inda kalmar ta fito a Sabon Alkawari, ma'anarta ke nan." Har da jan layi a ƙarƙashin "duk inda". Manhajar ta nuna mini kalmar ta fito fiye da sau 60. Na duba goma sha wani abu a Matiyu da Markus, na ga kamar duk tafiyarsu ɗaya, na rufe.

Ranar Laraba ina tsakiyar zuba, sai wani tsohon mai bishara da ke zama a bencin baya, wanda duk muke ce wa Baba, ya ɗaga sandarsa.

"Ɗana, wayar nan taka tana da Ayyukan Manzanni?"

Na ce, "Tana da shi, Baba."

"To, buɗe mana sura 19, aya 35. Ka taɓa mutumin nan da ya kwantar da tarzoma, mu ji me aka kira shi."

Na taɓa. Grammateus.

Kun san labarin. Dimitiriyas maƙerin azurfa, mai ƙera siffofin haikalin gunkiyarsu Artimas, ya tunzura mutanen birnin Afisa saboda wa'azin Bulus yana kashe musu kasuwa, jama'a suka cika dandali suna ihu wajen awa biyu suna yabon Artimas. Wanda ya fito ya lallashe su, ya tuna musu cewa birninsu ne mai tsaron haikalin gunkiyar, ya ce in suna da ƙara kotuna a buɗe suke, shi ne grammateus. Baba ya gyara zama ya ce, "Ashe malamin Attaura ne yake kare Artimas? Ikon Allah." Mata a gaba suka toshe baki da gyale. Ni kuwa da ƙasa za ta tsage da na shige.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, amsar tana cikin kalmar kanta. Daga gramma take, wato harafi ko rubutu. Grammateus mai aikin rubutu ne, sunan sana'a ne, ba sunan ƙungiya ba. A Afisa magatakardan gari ne, babban jami'i mai riƙe da takardun birni. A Urushalima kuwa masanin Attaura ne, mai kwafa da fassara da koyarwa, wanda Ibraniyanci ke kira sofer. Da wannan kalmar ce tsohuwar fassarar Helenanci ta Tsohon Alkawari ta kira Ezra. Mu da muke ce wa mai allo malam, mu ce wa na boko malam, mu ce wa baƙon da ba mu san sunansa ba malam, bai kamata wannan ya wuce ni ba.

Daren nan ban kwanta ba sai da na bi wuraren ɗaya bayan ɗaya, aikin da ya kamata in yi tun farko. Markus 2:16 ya ce malaman Attaura na Farisiyawa, Ayyukan Manzanni 23:9 ma haka, wato wasu ne a cikinsu Farisiyawa, ba duka ba. Maganar "gaba da Yesu" ma ta rushe. A Markus 12 wani grammateus ya tambayi umarni mafi girma, Yesu ya ce masa bai yi nisa da Mulkin Allah ba. A Matiyu 8:19 wani ya ce zai bi shi duk inda za shi. A Matiyu 23:34 Yesu da kansa ya ce zai aiko da annabawa da masu hikima da grammateis, wato jam'in grammateus. Duk suna cikin jerin da na gani a waya, kawai ban bi su duka ba.

Da na ga haka sai na daina yarda da sauran jadawalin, kuma gaskiyata. A gaban arkiereus na sa "babban firist", daidai ne, amma ban tambayi kaina me ya sa ake yawan ganinta a jam'i ba, alhali mutum ɗaya ne ke kan kujerar a lokaci guda. Romawa ne ke naɗawa suna tuɓewa. Hanana ya riƙe daga shekara ta 6 zuwa ta 15 miladiyya, aka sauke shi, amma ikonsa bai sauka ba: 'ya'yansa maza biyar sun hau kujerar a bayansa, Kayafa kuma, wanda ya riƙe daga wajen 18 zuwa 36, mijin 'yarsa ne. Shi ya sa Luka 3:2 ya haɗa su biyu, shi ya sa a Yahaya 18:13 gidan Hanana aka fara kai Yesu. "Manyan firistoci" su ne mai ci, da waɗanda aka tuɓe, da manyan gidajensu. Duk wanda ya san gidan sarauta ya gane wannan. Firist na talakawa irin Zakariya, uban Yahaya Maibaftisma, hiereus ne kawai, yana jiran zagayen ƙungiyarsa ta Abiya cikin ƙungiyoyi 24.

Arkisunagogos kuma ba ruwansa da hadayar Haikali, shugaban majami'a ne mai tsara taro da kula da gini, irin Yayirus. Presbuteros dattijo ne, a majalisa mai faɗa a ji, amma a Luka 15:25 kalmar ce aka yi wa yayan ɗan nan mubazzari. Da na ja layi a nan ma, da Baba ya sake samuna. Nomikos na Luka 10:25 masanin shari'a ne, kusan aiki ɗaya da grammateus.

Wani abu da na tarar ya girgiza ni fiye da kunyar. Tun ina yaro, a wasan kwaikwayon Ista, Farisiyawa muke sa wa rawani su yanke wa Yesu hukunci. A Markus kuwa, bayan 12:13 ba a sake ambatarsu ba. A surori 14 da 15 manyan firistoci ne, da malaman Attaura, da dattawa. Yahaya 18:3 ya ambaci Farisiyawa wajen kamun, Matiyu 27:62 ma ya kawo su wajen tsaron kabari, don haka ba na cewa babu hannunsu a ko'ina. Amma cusa kowa a buhu ɗaya mu rubuta "Yahudawa" a kai, wannan lalacinmu ne. Nikodimu Bafarisiye ne, Gamaliyal ma haka, shi ne ya ce wa majalisa ta ƙyale manzanni.

In za ka yi irin aikin nan, kada ka rubuta ma'anar kalma sai ka karanta kowane wurin da ta fito, musamman na ƙarshen jeri, inda gajiya ke kama mutum. Ka raba sunan aiki da sunan ƙungiya: firist da magatakarda da dattijo muƙamai ne, Farisiyawa da Sadukiyawa kuwa ɓangarori ne na aƙida, mutum yana iya zama a duka biyun. Kuma ka nuna wa wani tsoho takardarka kafin ka kai wa mai bugawa, ba bayan ka biya ba.

Laraba ta gaba na kawo sabuwar takarda, na karɓe tsofaffin da hannuna, waɗanda suka yarda suka mayar ke nan. Baba ya ƙi ba da tasa, ya ninke ta ya sa a cikin Littafinsa, daidai Ayyukan Manzanni 19. Ranar Lahadin da ta wuce ma da ya hango ni a bakin ƙofar coci, sai ya ɗaga sanda ya ce, "Magatakarda, an tashi lafiya?"