Layi ɗaya da littafin koyon HTML bai faɗa mini ba

Littafin da na koyi rubuta shafin intanet da shi na hannu ne, a Birnin Kebbi na saye shi wajen masu baza tsofaffin littattafai. Da Turanci yake, kuma an buga shi tun kafin a tabbatar da HTML5, sabon fasalin harshen rubuta shafukan intanet, a 2014. Ba zan yi masa butulci ba, shi ya koya mini kanun magana, sakin layi, sanya hoto, jadawali da ɗan abin da ya samu na CSS, wato dabarar ƙawata shafi. Wannan duk ya tafi salin-alin, ba sai na tsaya a kai ba. Abin da har yau nake jin zafinsa shi ne layi ɗaya tak da babu shi a samfurin da littafin ya ce a riƙa kwafa a farkon kowane shafi.

Kawuna yana sayar da shinkafa a Argungu, shanshera da gyararriya, kuma yana da masu saye daga Sakkwato har Kano. Na ce zan yi masa shafi da Hausa: irin shinkafar da ke ƙasa, farashin buhu, yadda ake ɗora kaya a mota. A waya na rubuta bayanin da madannan Hausa na Gboard, don ƙ da ɗ da ɓ su fito yadda ya kamata, sannan na zuba shi cikin fayil ɗin a kwamfutar wani abokina da nake ara. Aikin duka a filashi yake zaune. Na buɗe a Chrome, komai tsaf. Na ɗora a intanet, na tura wa Kawu adireshin, shi kuma ya watsa wa mutanensa ta WhatsApp.

Da yamma ya kira ni.

"Kai yaro, wanga wane yare na ka rubuta mini?"

Na ce, "Kawu, Hausa ce, ku sake dubawa."

Da na duba da kaina sai jikina ya yi sanyi. Inda na rubuta ƙasa ya zama Æ™asa, ɗanya ta koma É—anya. Duk harafi mai lanƙwasa ya rabu gida biyu, ya zama tarkace. Ga shi kuma mutane sun riga sun gani.

Yanzu na san dalili. Tsarin UTF-8, wanda aka ajiye fayil ɗina da shi, yana ajiye kowane ɗaya daga cikin waɗannan haruffa namu a bayit biyu (bayit ƙaramin ma'aunin bayani ne a kwamfuta). Idan shafi bai faɗa wa burauza, wato manhajar buɗe shafi irin Chrome, tsarin da aka ajiye shi da shi ba, sai ta yi zaton tsohon tsarin Turawan Yamma ne, ta karanta kowane bayit a matsayin harafi mai zaman kansa. A kan kwamfuta Chrome takan gano da kanta, shi ya sa ban ga komai ba sai da shafin ya hau intanet. Maganin kuwa shi ne a sa <meta charset="utf-8"> a saman sashen head, cikin bayit 1024 na farko. Shi ke nan. Marubucin littafin bai damu ba saboda haruffan Turanci iri ɗaya suke fitowa a tsarin biyu, ko a sa layin ko a bari.

A ranar ban san wannan ba, abokina kuma ya yi tafiya da kwamfutarsa. Na garzaya wani shagon buga takardu da filashina. Mai shagon ya ce ƙaramin abu ne. Ya buɗe fayil ɗin a Notepad na Windows 7, ya sake ajiye shi a tsarin ANSI, wato wancan tsohon tsarin, a kan na asali. Wani gargaɗi ya fito cewa za a rasa wasu haruffa, kafin in gama karantawa ya danna, ya kuma ɗora sabon a kan wanda ke intanet. Garin neman gira aka rasa ido. Tarkacen farko aƙalla bayanin yana nan a ɓoye, layi ɗaya zai dawo da shi. Wannan karon kowace ƙ da ɗ da ɓ ta koma alamar tambaya, kuma alamar tambaya ba ta tuna abin da take a da. Ba yadda za ka ce wa kwamfuta ta maye gurbinsu a lokaci guda, domin ?asa da ?aya da ?awo duk fuska ɗaya suke da ita, ga kuma alamomin tambaya na gaskiya a cakuɗe da su. Rubutun wayar ma babu shi, na goge shi lokacin da nake neman wuri a wayar. Haka na zauna ina bin kalma ɗaya bayan ɗaya da hannu, ina jiran wuta, Kawu yana tambaya ko an gyara.

Tun 2019 Notepad na Windows 10 da UTF-8 yake ajiye fayil kai tsaye, amma shagunanmu da yawa tsofaffin kwamfutoci suke amfani da su, don haka kafin kowa ya danna maka ajiya, kalli akwatin da ke ƙasa ka ga abin da aka zaɓa. Kada ka miƙa wa kowa fayil ɗin da ba ka da kwafinsa a wani wuri. Kuma kada ka yarda da abin da kwamfutarka ta nuna maka. Ɗora shafin, ka buɗe shi a wayar wani, sannan ka tura wa jama'a. Akwai kuma batun zanen haruffa: wasu ba su da namu, sai ka ga akwati ko harafi ɗaya ya bambanta da 'yan uwansa. Noto Sans tana da su duka, ita nake amfani da ita.

Wasu sun ce mini in daina wahala, in rubuta k da d da b kawai kamar yadda ake yi a saƙon waya. Ban yarda ba. Shafin ɗan kasuwa ne, mutane masu mutunci za su karanta, kuma tunda kwamfuta tana iya fitar da Hausa daidai, ban ga dalilin rage mata komai ba. Littafin yana nan ina amfani da shi. A shafin da samfurin yake na rubuta layin da jan biro, na ƙara lang="ha" a kan html, mai nuna cewa shafin da Hausa yake, saboda ƙanwata ta fara karanta shi.